Muntaka Mai Amalanke da Hanyar Jami'a

Muntaka maƙwabcina ne a Unguwar Ɗinya, wani ƙauye a yankin Bagwai. Danga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, don haka abin da zan faɗa a kansa ba a kasuwa na tsinto shi ba. Shekarunsa sittin da 'yan kai. Dogo ne siriri, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu tun ranar da wani sa ya taka shi yana saurayi. Yana noma kamar kowa, amma idan ka ce Muntaka manomi ba wanda zai gane wanda kake nufi, sai ka ce Muntaka mai amalanke.

Garinmu a kan tudu yake. Gonakin gero da dawa sun kewaye mu a manne da juna, babu inda za ka sa ƙafa ka ce nan ba na kowa ba ne. Fadamarmu tana gabas, a bakin rafi, kuma can ake noman rani: tumatir, albasa, tattasai, wani lokaci da alkama. Hanya ɗaya ce tak ta haɗa gari da fadama tun zamanin kakanni, tafiyar rabin sa'a da shanu. A kan wannan hanyar Muntaka ya yi rayuwarsa. Bayan asuba ya loda takin gida ya kai wa masu lambu, da la'asar ya dawo da kwandunan tumatir zuwa bakin titi, inda motocin Kano ke ɗauka. Shanunsa biyu ne. Babban, wanda ya daɗe da shi, yana ce masa Fari. Ƙaramin ja ne, bai raɗa masa suna ba, yana dai ce masa "kai ɗan banza" saboda kwaɗayinsa.

Kimanin shekara ashirin da suka wuce aka zo da maganar gina jami'a. Aka auna fili, filin ya faɗo daidai tsakanin gari da fadama, gonar gadon su Muntaka tana ciki. Dattawa ba su yi gardamar gonaki sosai ba, don sun san ba za su ci nasara ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne hanya. Wani babban jami'i ya zo har ƙofar gidan dagaci, ya zauna a tabarma, ya ce, "Hanyarku tana nan. Gyara muku ita ma za mu yi." Kowa ya ji, ba wanda ya ce a rubuta.

Kuma sun cika alkawari. Aka shimfiɗa kwalta mai faɗi, mota biyu suna giftawa a sake, aka bar gefen jar ƙasa dama da hagu. Aka yi ƙofa ta yamma wajen gari, aka yi ta gabas wajen fadama. A gefen jar ƙasar nan Muntaka yake bi, don kwalta na cinye kofaton shanu. Ɗalibai suka saba da shi, suna ce masa Baba Direba. Idan an dawo hutu yakan kwashi akwatunan 'yan mata daga ƙofa zuwa ɗakunan kwanansu, bai taɓa karɓar komai ba. Mai gadin ƙofar yamma, Sabo, sa'ansa ne, rana ɗaya aka yi musu kaciya. Duk safiya sai sun tsokani juna kafin a ɗaga ƙarfen ƙofa.

Sai aka shiga shekarun wuya, bayan an cire tallafin mai. Wanda ya rayu a lokacin ba sai an ba shi labari ba. Takin zamani ya fi ƙarfin talaka, mutane suka koma wa kashin awaki da toka da sharar gida. Masu a-kori-kura suka ajiye motocinsu. Abin mamaki, a wannan tsakanin aikin Muntaka ya ƙaru, har yana yin sawu uku a rana. Ba wai ya yi arziki ba, amma tukunyar matarsa Hure ba ta kwana a kife ba, a lokacin da gidaje da yawa a unguwarmu sau ɗaya suke ɗora girki.

A cikin jami'a ma abin ya nuna. Ɗaliban da suka saba hawa babur daga ɗakin kwana zuwa aji suka koma tafiya da ƙafa. Da hantsi titin nan ya cika maƙil da mutane, wasu a gefen jar ƙasa, wasu a tsakiyar kwalta. A daidai lokacin kuma direbobin tifa masu ɗibar yashi a rafi suka gano cewa ratsawa ta jami'a na rage musu shan mai. Suna zuwa da gudu, ba sa ko taka birki.

Wata Talata, da hantsi, Muntaka na dawowa daga sawun farko da amalanke babu kaya, wata tifa ta wuce shi har iskarta ta kaɗa masa hula. Bai yi taku hamsin ba ya ji salati. Ta buge wata ɗaliba a gaban ɗakin karatu, ta wuce ba ta tsaya ba. Mutane suka taru, ana neman mota, babu ko ɗaya a kusa. Muntaka ya shimfiɗa buhunan da yake rufe taki da su, ƙawayenta suka ɗora ta, ya kora shanu zuwa asibitin jami'a. Ya ce mini tun da yake bai taɓa dukan Fari ba sai ranar. Kafin su isa rai ya yi halinsa. Daga baya ya ji sunanta Maryamu, 'yar Ɗambatta ce, shekararta ta ƙarshe.

Da ya dawo gida ya ɗebi ruwa ya wanke katakon amalanke da kansa, bai bar kowa ya taɓa ba. Na leƙa ta danga na yi masa sannu.

Ya ce, "Malam, wallahi da ni ne da iko, yau ɗin nan zan rufe wa tifofin nan hanya."

Ɗalibai suka yi zanga-zanga kwana biyu. Hukumar jami'a ta ce za a tsuke titin: a mai da shi layi ɗaya na ƙananan motoci, a shimfiɗa wa masu tafiya da ƙafa hanya mai faɗi dama da hagu, a dasa itatuwa don inuwa, a hana manyan motoci shiga. Da labarin ya iso majalisarmu ta gindin ɗinya, Muntaka ne ya fara cewa Allah ya yi musu albarka.

Ɗan kwangilar da aka ba aikin ya ga kuɗin mai zai cinye masa riba, sai ya nemi amalanke. Wata biyu cur Muntaka na jigilar yashi da bulo da ƙananan tubalan da ake shimfiɗawa a ƙasa. Shi ya kwaso dashen itatuwa a leda daga wurin raino. A makon ƙarshe aka ba shi wasu turaku na siminti guda huɗu, gajeru masu kauri, kowanne sai mutum uku sun kama. Ya kai biyu ƙofar yamma, biyu ƙofar gabas. Ya tambayi birkila na mene ne, birkila ya ce na hana tifa ne. Ya ce madalla.

Ranar da simintin turakun ya bushe aka toshe 'yar hanyar gefe da ake bi kafin a gama aiki, Muntaka yana fadama. Ya taho da la'asar da kwando goma sha huɗu na tumatir ɗin mutane, ya iso ƙofar gabas, shanu suka tsaya cak. Karkiyar da ke wuyansu ta tokare da turaku biyun. Ya sauko, ya ja da baya, ya sake gwadawa a karkace. Ba ta shiga ba. Ya auna da hannu, ya ga karkiyar ta fi tazarar faɗi da tafin hannu ɗaya da yatsu biyu.

Injiniyan da ke duba aikin yana nan tsaye da takardunsa. Sunansa Uwaisu, ɗan marigayi Malam Yuguda ne na ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, yaro mai ladabi. Ya ƙaraso da sauri ya rusuna.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa, Uwaisu. Ka ga abin da ya faru. A ɗan matsa mini da guda ɗaya mana."

"Baba, ba ya matsuwa. Rabin tsawonsa a cikin ƙasa yake, da rodi."

"To wa ya auna?"

"Daga birni aka aiko da zanen. Daidai faɗin ƙaramar mota aka yi shi."

Muntaka ya dubi turakun, ya dubi tumatir. Ya ce, "Ni na kawo su fa."

Uwaisu ya naɗe hannun riga. Ya ajiye takardunsa a ƙasa, ya taya shi kwance shanun. Suka shigar da su ɗaya bayan ɗaya, sannan suka kama amalanken da hannu, su da leburori, suka tura. Jikinsa ya wuce da ƙyar, yana gogar siminti. A ƙofar yamma aka sake yin haka. Kafin ya isa bakin titi motocin Kano sun tafi, tumatir ya kwana a waje.

Washegari ya ɗauki karkiya ya kai wa kafinta, aka rage ta dama da hagu, aka sake huda ramukan igiya. Hure ta ce shanun za su riƙa gogar juna. Ya ce ya sani, amma su yi haƙuri. Da gajeriyar karkiya yana wucewa, idan ya sauko ya riƙe Fari ta hanci ya bi a hankali.

Sai dai cikin jami'ar ba kamar da ba ne. Gefen jar ƙasar da yake bi ya zama hanyar masu ƙafa, an shimfiɗe shi da tubala ja da fari, gwanin sha'awa. Dole ya hau layi ɗayan nan da aka bar wa motoci, kuma babu wurin kaucewa. Idan ya shiga, motoci su jeru a bayansa suna ham, shi kuma ba shi da yadda zai yi da saurin sa. Wasu malaman suna haƙuri, wasu su leƙo su faɗi magana. Shanu ba su san kwalta daga burtali ba, inda kashi ya zo musu nan suke yi. A rana ta goma sha biyu jan sa ya miƙa wuya ya fizge kan wani dashe, a gaban wani babba da ke zagayen duba aiki da baƙi.

Bayan kwana biyu Muntaka ya iso ƙofar yamma da lodin taki, ya tarar an kafa allo. An zana saniya, an gicciya mata jan layi. Sabo na tsaye a tsakanin turakun, ba tsokana, ba dariya.

"Muntaka, yau ba hanya."

"Kai Sabo, bar wasa, rana na yi."

"Ba wasa nake ba. Jiya aka tara mu. An ce duk wanda dabba ta wuce ta ƙofarsa ya ajiye kaki."

"Ni ne fa."

"Na san kai ne. Ni kuma 'ya'ya tara gare ni, ka sani."

Suka tsaya suna kallon juna. Ɗalibai na ta wucewa ta gefensu, wasu na cewa "Baba Direba, ina kwana." Muntaka yana amsawa. Daga ƙarshe ya juya shanunsa. Sabo ya bi shi da "ka yafe ni," bai waiwayo ba, amma ya ɗaga hannu.

Dagaci ya tara mutum shida, har da ni saboda ni malamin makarantar boko ne, muka tafi ofishin hukumar jami'a. Muka zauna a benci tun hantsi har aka kira la'asar. Wani mataimaki ya fito ya saurare mu da mutunci, har ya sa aka kawo mana ruwa. Dagaci ya faɗi alkawarin da aka yi a ƙofar gidansa. Mutumin ya tambaya ko akwai takarda. Babu. Ya tambayi sunan jami'in da ya yi alkawarin, aka faɗa, ya ce Allah ya jiƙansa, ya rasu tuni. Ya ce mu rubuto koke, kwamiti zai duba. Ni na rubuta, na kai da hannuna, aka buga masa hatimi. Na koma sau huɗu. A na huɗun aka ce kwamitin bai zauna ba saboda ma'aikata na yajin aiki.

Uwaisu ne ya zo har gida wata Juma'a ya yi wa Muntaka bayanin yadda abin ya kasance. Ya ce kafin a yi zanen an turo mutane sun zauna a bakin titi mako guda suna ƙirga abin da ke wucewa: masu ƙafa, babura, motoci, tifofi. Suna fara aiki ƙarfe tara, su tashi ƙarfe uku.

Muntaka ya ce, "To ni ba su gan ni ba?"

"A wancan makon, Baba, ka tuna Fari ba shi da lafiya, sawu ɗaya kake yi. Kana wucewa kafin su zo, kana dawowa bayan sun tashi. A takardarsu babu amalanke ko ɗaya."

"Yanzu ba za a ƙara a takardar ba?"

Uwaisu ya sunkuyar da kai. Ya ce ya yi magana a taro, aka ce masa tun da aka tsuke titin ko kaza ba a buge ba, kuma iyayen yara na ta yabawa, wa zai sa hannu a taɓa shi? Muntaka ya ce gaskiya ne, shi ma ba ya so a sake buge 'yar kowa. Hure ta kawo wa baƙo fura, bai iya sha ba.

Abin da ya rage shi ne zagaye. Katangar jami'a doguwa ce, idan ka bi ta arewa sai ka yi kusan awa uku kafin ka ga fadama, kuma a tsakiya akwai wani kwari mai yashi da zaizayar ruwa ta haƙa. Sawu uku ya koma ɗaya. Tumatir ba ya jure wannan jijjiga a rana, masu lambu suka fara ba masu babur kayansu kwando bibbiyu, ko da yake ya fi tsada. Wasu suka koma ɗaukar taki a buhu a kan keke, suna bi ta sabuwar hanyar masu ƙafa, don keke ba a hana shi ba. Ba wanda ya ce wa Muntaka ya daina zuwa. Kiran ne kawai ya riƙa raguwa.

A wata na uku, yana gangara kwarin da lodin taki, gaɓar ta zabtare a ƙarƙashin tayar dama. Amalanke ya kife, ya ja shanun. Jan ya miƙe. Fari bai miƙe ba, ƙafar gaba ta karye a sama da gwiwa. Babu kowa a wurin. Muntaka ya kwance shi, ya zauna kusa da kansa yana shafa masa wuya har wani mai keke ya zo wucewa, ya aike shi gari a kira mahauci. A nan cikin kwarin aka yanka shi. Shekara goma sha ɗaya suna tare. Hure ta karɓi kason da aka kawo gida ta dafa wa jikoki, shi ya ce cikinsa ba daɗi, ya sha kunu.

Sa ɗaya ba ya jan amalanke irin nasa, kuma abin da naman ya kawo bai kai rabin kuɗin wani sa ba. Ya riƙe jan har wata biyu yana neman wanda za su haɗa, kowa ya kawo ɗaya. Bai samu ba. Dusa ta yi tsada, harawa ta ƙare. Ranar kasuwar Bagwai ya ja shi da ƙafa ya tafi, ya dawo da igiya a hannu da buhun masara a bayan babur ɗin haya. 'Yar fadamarsa ya ba wani Ɗanliti aro, mutumin ƙauyen da ke ƙetaren rafi, don shi ba ya buƙatar ratsa jami'a. Tayoyin amalanken wani mai sayar da ruwa ya saya. Katakon yana nan jingine a bayan ɗakin Hure, kaji na kwana a ƙarƙashinsa.

Ɗansa babba, Abdulƙadir, da ke dako a Kano, ya zo ya ce ya samo masa aikin gadi a wani gida a birni. Muntaka ya ce zai yi tunani. Da yaron ya tafi ya ce mini, "Malam, ni da ban taɓa kwana uku a jere a Kano ba. In je in zauna a bakin ƙofar wani ina cewa ba hanya?" Bai je ba.

Da damina ta faɗi aka shiga huɗa. Shekara talatin Muntaka ne ke yi wa mutane huɗa da shanunsa, bana shi ne a layin jira. Mai shanu ɗaya ya rage a unguwarmu, kowa shi yake jira. Mai shanun ya ce wa Muntaka Asabar, Asabar ta zo ya ce Laraba. Geron maƙwabta ya yi kore shar, 'yar gonar da ta rage wa Muntaka ciyawa ta fara rufe ta.

Ranar Alhamis da safe ina hanyar makaranta na hango shi a gona shi kaɗai, ya tuɓe riga, yana huɗa da garmar hannu. Ya yi kunya shida, na bakwai ya kai rabi. Idan ya sara sau goma sai ya tsaya ya dafa ƙugu. Na jingine kekena na shiga, na ce ya ba ni in kama masa. Ya dubi farar rigata da takalmina ya yi dariya.

"Je ka wurin yaranka, Malam, kar ka makara."

"To ka huta mana har rana ta yi sanyi."

"In na huta ƙasa ta bushe."

Na juya na nufi kekena. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya sake kama ƙotar. Har na kai bakin gona ya kira ni, ya ce idan zan biya ta gida in gaya wa Hure ta aiko masa da ruwa, wanda ya zo da shi ya ƙare.